Doguwar Bindigar Kawu Bawa

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka fara wayo, kun tashi kun tarar ana kirana Mamman Ɗuri-biyu, kuma babu ɗayanku da ya taɓa tambayata inda sunan ya fito. Na san dalili. An riga an ba ku labarin a bayan idona: wai ubanku ya yi haɗama, ya ɗura wa bindiga albarushi sau biyu don ya zubar da dinya da yawa a harbi ɗaya, ta fashe, ta cire masa yatsu uku, ta tsiyaye wa ƙanensa ido. Kun ji kunyata kun yi shiru, kuma shirun nan ya fi mini ciwo da a ce kun tambaya. To, ƙarya ce. Zan rubuta muku yadda aka yi da hannun daman da Allah ya bar mini, kuma ba zan ɓoye nawa laifin ba, don ina da shi, sai dai ba wanda aka ɗora mini ba ne.

A shekarar da nake magana, ruwan noman rani bai daɗe da isowa fadamarmu ta ƙasar Bakura ba. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona ɗaya, ni da ƙanena Sahabi, wanda kuke kira Baba Sahabi. A lokacin magidanci ne da matarsa da 'yarsa ɗaya, kuma tela ne na gaske, yana da kekensa a rumfar kasuwar Bakura, ana kawo masa ɗinki har daga Damri. Ni kuwa noma da farauta. Mun zuba shinkafa, ta yi kyau irin wanda ba mu taɓa gani ba, sai dinya ta gano ta. Wanda bai san dinya ba zai ce ai agwagwar ruwa ce kawai. Tsuntsuwa ce mai girman ɗan akuya, ga wayo. Garke suke sauka da sassafe, su tsuge kan shinkafa, su kwantar da sauran da ƙirji, kuma kullum akwai ɗaya da ba ta kiwo, wuyanta a miƙe tana gadi. Fadamar kuwa an share ta tas, babu kurmin da mutum zai laɓe. Bindigar da na gada gajera ce, ta zabo da zomo, in abu ya wuce taki talatin sai dai ka ba shi tsoro. Dinya ba ta barin ka matso ko taki saba'in. Mako uku ina jan ciki cikin laka, ko gashi ban kawo gida ba, shinkafa kuwa tana ƙarewa a gaban idona. Sai na ƙudura cewa dole in nemi bindigar toka mai dogon zango.

Ranar Talata na shiga Mafara, na wuce kasuwa kai tsaye zuwa maƙera, wurin wani tsoho da ake kira Ango. Duk maharbin da ya san abin da yake yi a ƙasar nan, hannun Ango ne a kan bindigarsa. Muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, sannan na faɗa masa buƙatata. Ya miƙa hannu ƙarƙashin tabarma ya jawo bututu biyu, ya ce in ɗaga. Ɗaya dogo ne mara nauyi, ɗayan bai kai shi tsawo ba amma sai da na sa hannu biyu.

"Wane ka so?" in ji shi.

Na nuna dogon. Ya yi tsaki.

"Wanga bututun ruwa na. Ku duka haka kuke, tsawo kuka dubi. Tsawo na da amhwani, amma in ƙarhe ba ya da nama, albarushin da ka kai harsashi nesa shi ka tsaga shi. Wancan ƙarhen sitiyarin mota na. Ɗaga shi ka dubi rana ta ciki."

Na duba, cikinsa santsi, miƙe sambal. Ya rataye shi da igiya ya ƙwanƙwasa da ɗan ƙarfe, ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa. Ya ce in bututu yana da tsaga, ƙarar mutuwa take yi nan take. Ya ce kada in taɓa sayen bindigar da ban ga ƙarfenta tsirara ba, ko ta wace ce. Sannan ya ce zai ƙera mini, amma sai wata biyu, don akwai aikin mutane a gabana kuma ba ya gaggawar bindiga.

"Baba, shinkafa ba ta kai wata biyu," na ce.

"To ta ƙare. Ka shuka wata."

Na fito ina jin haushinsa. Tsoho ya ba ni ilimin da ya kwashe shekaru yana tarawa, kyauta, ni kuwa na fito ina ƙunƙuni.

Kwana biyu da dawowata, sai ga Kawu Bawa da la'asar. Wan mahaifiyarmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya da Inna, kuma shi ne Sarkin Bakan garinmu, shugaban maharba. Shi ya koya mini bin sawu, shi ya fara ɗora mini bindiga a kafaɗa. Ya shigo da Doguwa a hannu. Doguwa bindigarsa ce da kowa ya sani, an ce da ita ya kayar da gwanki a dajin Maradun daga tsallaken rafi. An naɗe ta da jar fata tun daga baki har ƙota, ga layu suna reto. Damina biyu ba a gan shi da ita ba, yana cewa ƙafa ta gaji. Ya zauna a tabarma, Inna ta kawo masa ruwa, ya kwantar da bindigar a gabana.

"Na ji ka tahi wurin Ango," ya ce. "Kana da ni, ka tahi wurin wanga tsoho mai girman kai? Ga Doguwa. Ka ba ni bijimin nan naka, ka ɗauke ta. Ba ni son ta hita gida."

Tun ina saurayi nake mafarkin bindigar nan. Amma maganar Ango tana kunnena, sai na sunkuyar da kai na ce ko zai bari in ɗan zare fatar in ga ƙarfen. Fuskarsa ta canza.

"Ni za ka tuɓe ma bindiga? Ni? Akwai asiri ƙarƙashin hwatar ga wanda ubana yab ba ni, in an buɗe ya karye. Ko kana zaton cutar ka za ni yi?"

Daga bakin ɗaki Inna ta ce, "Mamman, kawunka na hwa."

Na ba shi haƙuri. Ni na ba shi haƙuri, ku ji! Abin da na iya roƙa kawai shi ne a gwada ta sau ɗaya. Washegari muka ɗaure ta a jikin kirya, muka ja kunamar da igiya daga nesa. Shi ya ɗura da kansa. Yadda muke auna ɗuri, bayan an zuba albarushi da harsashi an danna tsumma, sai a zura sandar ɗuri a duba yatsu nawa ta rage a waje. Na ga tasa ta rage yatsa biyu, ɗurin harbin kurciya. Na gani da idona, na kuma yi shiru. Ta tashi lafiya. Ya buga kafaɗata ya ce in dinya zan harba, in ba bindigar yatsa huɗu, haka yake ba ta tun fil'azal.

Uwarku Ige ce kaɗai ta yi magana. Tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, mutumin da ko aro bai taɓa ba wani wannan bindiga ba, me ya sa yau yake neman rabuwa da ita? Na daka mata tsawa na ce me mace ta sani a kan bindiga. Wannan shi ne laifina, kuma ban taɓa musun sa ba: an koya mini yadda ake zaɓe, na ga alama, an kuma gargaɗe ni a cikin gidana, amma ina son a gan ni da Doguwa a kafaɗa. Na kwance bijimina na kai masa da hannuna.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba muka fita. Sahabi ya ce ba zai buɗe rumfa ba sai ya ga ƙarshen tsuntsayen da suka cinye mana wahala. Muka kwanta a bayan kunyar hanyar ruwa. Shi ya riƙe mini ƙahon albarushi, na zuba, na danna, na zuba darma, na danna, na auna: yatsa huɗu, babu ƙari ko na ƙwayar gero. Rana na fitowa suka sauka, sun fi talatin. Sahabi yana hagu da ni, ya ɗan ɗago kai don ya gani. Na saita mai gadin, na ce bismillah, na ja.

Ban ji ƙara ba. Abin da na sani kawai, na ga sama, bakina cike da ƙasa da ɗacin albarushi. Na ɗaga hannun hagu na ga babban yatsa da manuni, sauran babu, jini yana tsartuwa. Ban ma ji zafi ba sai da na juya na ga Sahabi a durƙushe, ya rufe fuska da hannu biyu, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa, yana kiran sunana a hankali kamar mai tashina daga barci. Masu ban ruwa suka ɗauke mu a amalanke zuwa bakin titi, daga nan mota ta kai mu asibiti a Mafara. Ɓallin ƙarfe ya shiga idonsa na dama, likita ya ce babu abin da za a ceto.

Mun kusa wata a kwance. Kafin in dawo gida, suna ya riga ni isa. Kawu Bawa ya zauna a majalisar maharba ya ce ya gargaɗi yaro, yaro bai ji ba, ya ɗura biyu don zari. Wa zai ƙaryata Sarkin Baka a kan maganar bindiga? Ya kuma aiko a karɓo masa ragowar Doguwa, wai zai cire layunsa. Ige ta ce ba ta san inda take ba, alhali ta tura ta cikin rumbu ƙarƙashin damman gero. Allah ya saka wa matar nan. Da na iya tafiya ta fito mini da ita, na naɗe a buhu na kai wa Ango.

Ya sa wuƙa ya yanke jar fatar. Daidai inda bututun ya buɗe kamar furen kabewa, ga wani baƙin tabo mai tsawon yatsa, ƙulu-ƙulu.

"Walda ta," ya ce. "Na san bindigar ga. Bawa ya kawo min ita bara waccan da tsaga nan wurin. Nac ce mai ta mutu, a sare ta a yi hauya. Yaz zage ni yat tahi. Ashe wurin mai walda yak kai ta, yas sa hwata yar ruhe."

Na ce, "Za ka hwaɗi haka gaban hakimi?"

"In an kira ni, ni hwaɗi."

Na dawo gida. Ashe Kawu ya san bindigar matacciya ce. Ya san ba ta ɗaukar yatsa huɗu, shi ya sa ya gwada ta da biyu. Ya kalli ɗan ƙanwarsa, wanda ya taso a hannunsa, ya ce ka ba ta huɗu. Don sa ɗaya! Na shiga ɗakin Inna na ajiye ƙarfen a gabanta na faɗa mata komai, na ce gobe zan kai ƙara. Ta daɗe tana kallon tabon. Ban ga mamaki a fuskarta ba, kuma wannan ne ya fi ƙona ni. Sai ta cire kallabinta ta ajiye a ƙasa.

"In kak kai ɗan'uwana gaban hakimi, ban yahe maka nonon da kas sha ba. Shi ɗai yar rage min. Ka rantse ba ka hwaɗa ma kowa, ko Sahabi."

"Inna, idon ɗanki hwa?"

"Ido ya riga ya tahi. Ka rantse."

Na rantse. Ta ɗauki ƙarfen, ban sake ganinsa ba, daga baya na ji an jefa shi a gulbi. Na je gidan Kawu sau ɗaya tak. Na same shi a zaure yana ɓare goro, bijimina a ɗaure a bayansa yana cin harawa. Na ce masa na ga waldar. Bai ko daina tauna ba.

"Ƙaddara ta, Mamman," ya ce. "Kuma wa ad da shaida?"

Daga nan rayuwa ta ci gaba yadda kuka tarar da ita. Ban sake riƙe bindiga ba. Sahabi ya yi ƙoƙarin komawa kan keke, amma ido ɗaya ba ya zura zare, ɗinki ya riƙa karkacewa, mutane suka janye ɗaya bayan ɗaya, har ya sayar da keken ya koma kasa albasa. Ni kuwa ba na iya kallon fuskarsa. Ina ganin ya yarda da abin da gari ya yarda da shi, cewa haɗamata ce ta kashe masa sana'a, kuma rantsuwa ta ɗaure mini baki. Na riƙa nome masa rabonsa ina aika masa da hatsi ta hannun Ige. In mun haɗu sai mu yi gaisuwa doguwa, lafiya lau, ina gida, ina gajiya, mu rabu kamar baƙi. Kun sha tambayar uwarku me ya sa Baba Sahabi ba ya shiga gidanmu. Ga dalilin. Ango ya rasu. Kawu Bawa ya rasu da rawaninsa, maharba suka yi ta harba bindiga sama don girmama shi, ni ina zaune a cikin masu karɓar gaisuwa. Inna ta rasu. Bayanta ma ban yi magana ba, don babu ƙarfe, babu Ango, kuma za a ce na jira mutum ya shiga kabari sannan na yi masa ƙazafi. Fiye da shekara talatin ke nan.

Bara da damina Sahabi ya kwanta ciwo har aka fara cire rai. Na ce ba zan bari ya tafi da wannan a zuciyarsa ba, rantsuwar kuwa in yi kaffara. Na je da hantsi, na sallami matarsa, na zauna a bakin gadon na faɗa masa duka, tun daga maƙera har zuwa goron Kawu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce:

"Na sani, Yaya. Yatsa huɗu kas sa. Ni nar riƙe maka ƙahon."

Na ce, "Mi kac ce?"

"Inna ta zo min tun muna asibiti. Tac ce in an tambaye ni, in ce ban gani ba. Tas sa nir rantse."

Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na manta mara lafiya ne. Na ce, kai ne shaidata, kai kaɗai, kana ji yara suna bina da wannan suna, kana ji ana faɗa wa 'ya'yana, ka zauna kana kasa albasa! Kalma ɗaya daga bakinka ta ishe ni! Ya yunƙura ya tashi zaune, ƙashin wuyansa duk a waje, ya nuna ni da yatsa.

"Kai hwa? Ni na san ba ka ɗura biyu ba, amma ban san an yi mata walda ba sai yau! Ka san wanda yac ci min ido, kab bar ni ina durƙusa mai ina gaishe shi har yam mutu. Ni naɗ ɗauki makaratai! Kai sunanka yaɓ ɓaci, ni mi nar rasa?"

Na fita ban yi masa sallama ba.

Allah bai karɓe shi ba, ya warke. Wata Juma'a bayan an sallame, sai na ga ya miƙe a sahun gaba yana dogara sanda, ya ce jama'a su dakata yana da magana. Ya faɗi komai da ƙarfi, ya ambaci Kawu da sunansa, ya ce ɗan'uwansa bai taɓa ɗura biyu ba. Na zauna ina jiran abin da na shekara talatin ina jira. Na duba masallacin. Waɗanda suka zauna a majalisar maharba ran nan, saura mutum biyu, ɗaya ba ya ji, ɗayan yana gyangyaɗi. Samari suna ta zamewa suna tayar da babura. Wani a bayana ya tambayi na kusa da shi, "Wane Bawa?" Liman, wanda ba a haifa ba lokacin da abin ya faru, ya ce Allah ya ji ƙan magabata, a yafi juna, aka shafa. Ya biyo ni har waje yana cewa in yafe wa mamaci. Na ce masa mamacin ya yi shekara ashirin yana ganina kullum bai roƙa ba, kuma ban yafe ba. Inna kuwa ina yi mata addu'a bayan kowace salla, kuma har yau ina fushi da ita. Kada wani a cikinku ya zo ya ce mini ba a haɗa biyun, ni na haɗa.

Ran nan da yamma ina zaure sai na ji sallama. Sahabi ne. Ya cire takalmi ya shigo ya zauna a kan buzuna kamar jiya ya bar wurin, ya ɗaga murya ya ce wa Ige a kawo tuwo. Ta kawo a akushi ɗaya, ta tsaya a bakin ƙofa tana share ido da gefen zane. Muka wanke hannu.

"Ka makara," na ce masa.

"Na sani. Kai ma ka makara."

"Tawa ba ta kai taka ba."

"Ta hi ta," ya ce. "Turo min miyar nan, ta gehen da ba ni gani ka aje ta."

Na tura masa.